Jirgin yawon kogin Seine a makon Olamfik: matuƙa sun yi aikinsu, ofis ya bar mu a rana

Tun farkon watan Yuli na 2024 na sayi tikiti biyar ta intanet, na ɗaya daga cikin jiragen ruwan da ke zagayawa da baƙi a kan kogin Seine cikin birnin Paris. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu, sai mahaifiyata da ta zo mana ziyara a wannan bazarar. Manya Yuro 17 kowa, yara Yuro 8, ya kama Yuro 67. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Abin da zan bayar shi ne labarin yadda suka yi da mu a kwanakin da hukuma ta riƙe kogin saboda wasannin Olamfik, domin a irin wannan lokaci ne ake gane ko kamfani ya ɗauki mai tikiti a bakin mutum ko a bakin lamba.

Ni a Rouen nake zaune, shekara 11 ke nan, kuma aikina a ofishin da ke shirya lodin hatsi ne a tashar jiragen ruwa. Rouen ita ce babbar ƙofar da alkamar Faransa ke fita ta cikinta zuwa duniya, kuma wani kaso na wannan alkama ta ruwa yake iso mana. Jirgin dako da aka loda a gabashin Paris, wajen Nogent-sur-Seine, ba shi da wata hanya sai ya ratsa tsakiyar birnin, ya bi ta ƙarƙashin gadojin nan da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a kansu. Jirgi ɗaya mai tan 1,000 ya kai lodin manyan motoci kusan 40. Shi ya sa maganar rufe kogi ta iso teburinmu tun kafin yawancin mutanen Paris su ji ta. 'Yan kasuwar hatsi sun daɗe suna kai-kawo da hukuma a kan tsawon kwanakin, tunda abin ya faɗo a tsakiyar girbi, har aka tsaya a kan cewa daga 20 zuwa 26 ga Yuli babu jirgin da zai ratsa birnin. Bayan haka kuma, duk ranar da za a yi gasar ninƙaya a cikin kogi, za a rufe daga ƙarfe 2 na dare zuwa 11 na safe.

Da wannan sanin na zaɓi ranar Laraba 31 ga Yuli, ƙarfe 11:30 na safe. Na san akwai gasar mata da sassafe a ranar, amma lissafina ya ba ni cewa kafin mu iso an buɗe ruwa, rana kuma ba ta yi zafin da zai wahalar da Hajiya ba.

Ranar Litinin 22 ga Yuli aiki ya kai ni Paris, sai na ce bari in leƙa rumfar tikitin in tambaya ko akwai matakala mai yawa kafin a shiga jirgi, saboda gwiwar Hajiya. Ban isa ba. Tun 18 ga wata aka kewaye gaɓoɓin kogin da shingen ƙarfe, guda kusan 44,000 a faɗin birni, kuma ba a barin kowa ya shiga sai mai takardar izini da suke kira Pass Jeux, wata lamba ce da ake nunawa a waya, ana samunta ne bayan ka tura hotonka da katin shaida da hujjar abin da zai kai ka: gida, ko wurin aiki, ko otal, ko teburin da ka kama a gidan abinci. Ni ba ni da ko ɗaya. Gadoji ƙalilan aka bari a buɗe ga wanda ba shi da izini, na bi ta gadar masu tafiya a ƙasa mai sunan Léopold Sédar Senghor, tsakanin shinge biyu kamar an saka mu a lungu. A tsakiyar gadar na rage tafiya na dubi ruwa. Na sha ganin Seine cikin sanyi da damina da dare, amma ban taɓa ganinsa babu jirgi ba sai ranar. Ruwa kwance, ba ƙarar inji, ba lasifikar masu yi wa baƙi bayani. Ƙaramin jirgin 'yan sanda ɗaya ne kawai ke tafiya a hankali kusa da bango. Wani jandarma ya yi mini alama da hannu in ci gaba da tafiya, na ci gaba.

Tun a nan nake son in bayyana inda na tsaya, kada a ɗauka ƙorafina a kan tsaro yake. Ban ga laifin hukuma ba ko kaɗan. Ba a taɓa buɗe Olamfik na bazara a wajen filin wasa ba sai wannan karon: jirage 85 ɗauke da dubban 'yan wasa, tafiyar kilomita 6 daga gadar Austerlitz zuwa Trocadéro, mutane fiye da 300,000 a gaɓa biyu, ga dubban tagogin gidaje suna kallon ruwa. Filin wasa yana da ƙofofi da ake iya ƙirgawa. Kogi ba shi da ƙofa. Birnin da aka kashe masa mutum 130 a daren 13 ga Nuwamba 2015, ƙasar da mota ɗaya ta hallaka mata mutum 86 a Nice a 2016, ba za a ce mata ta yi sakaci da wannan ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. 'Yan sanda da jandarma 45,000 aka baza a ranar buki, masu nutso sun duba ƙarƙashin jirage, karnuka sun shinshina cikinsu, an rufe sararin samaniya har nisan kilomita 150 daga birnin. Da safiyar ranar ma wasu suka lalata wayoyin layukan jirgin ƙasa mai sauri, abin da ya nuna fargabar ba ta banza ba ce. Mu a ofis mun sha wahalar wannan rufewa, mun sake jadawalin lodi sau ba adadi, amma ban ji wanda ya ce a bar kogi a buɗe ba.

Bukin a talabijin muka kalle shi a gida, daren Juma'a 26 ga wata. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, 'yan wasa a jiƙe suna kaɗa tuta. Hajiya ta zauna daga farko har ƙarshe, ita da ba ta wuce ƙarfe tara a zaune. Da wani dogon jirgi ya wuce ta ƙarƙashin gada sai ta juyo, ba ta kira sunana ba don ni ne ɗan fari, ta ce: "Kai, irin wannan ne za mu shiga?" Na ce irinsa ne, Hajiya. Ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba a rayuwarta, kuma tun da ta iso take lissafin kwanakin.

Wannan ruwan saman shi ne ya ɓata lissafin kowa. Magudanan Paris tsofaffi ne, ruwan sama da na bayan gida hanya ɗaya suke bi, in an yi ruwa mai yawa sai su cika su amayar cikin kogi. An kashe Yuro biliyan 1.4 don a gyara wannan, har da wani ƙaton rumbu a ƙarƙashin ƙasa kusa da Austerlitz mai ɗaukar ruwa kubik mita 50,000, kuma magajiyar garin ta lokacin Anne Hidalgo ta shiga kogin da kanta ranar 17 ga Yuli don ta nuna ya tsarkaka, bayan haramcin wanka da aka kafa tun 1923. Duk da haka gwajin ruwa ya ƙi fitowa daidai. Kafin asubar Talata 30 ga wata aka sanar cewa an ɗage gasar maza, wadda ke haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu, zuwa washegari ƙarfe 10:45 na safe, bayan ta mata. Wato daidai lokacin jirginmu.

Da na isa ofis da safiyar Talata labarin yana kan teburin kowa. Masu jirage a Faransa suna da sanarwar da hukumar hanyoyin ruwa ke fitarwa duk lokacin da wani abu ya canza a kogi, kuma duk mai jirgi, babba ko ƙarami, yana karanta ta kamar yadda direba ke duba fitilar hanya. Babu yadda za a yi kamfanin da abincinsa ke kan wannan ruwa ya ce bai sani ba. Na buga musu waya sau uku, murya ce da aka naɗa take ce mini in duba shafinsu. Na duba shafin, jirgin 11:30 yana nan, har ana ci gaba da sayar da kujeru. Na aika saƙo, shiru. Da yamma wajen ƙarfe shida sai ga wasiƙa ta shigo daga gare su, na buɗe da sauri, ashe tunatarwa ce: gobe ne tafiyarku, ku iso matsaya minti 20 kafin lokaci, ga taswirar wurin. Da na ga haka sai na ce wa maiɗakina wataƙila sun samu izinin bin yammacin kogi ne, su kauce wa gadar Alexandre III inda ake gasar. Kamfani ne ya rubuto da sunansa, awa 12 da ɗoriya bayan kowa ya san abin da ake ciki. Na yarda da shi.

Muka kama jirgin ƙasa na safe daga Rouen, awa ɗaya da 'yan mintoci muka sauka a Saint-Lazare. Tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa a lokacin ya koma Yuro 4 daga 2.15, kuma tashoshin da suka fi kusa da kogi a wannan yanki, Concorde da Tuileries da Champs-Élysées-Clemenceau, a rufe suke. Muka sauka nesa muka taka. Hanyar masu keke ta bi ta Champs-Élysées ta tsallaka kogi ta zagayo, don haka kowane titi muka nufa sai mu tarar da shinge da mutane sun yi dafifi suna ihu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe, sai kuma rana ta buɗe da wani zafi mai nauyi. Hajiya tana dogara sanda, babban ɗana yana riƙe da hannunta ɗaya.

Ƙarfe 11 da minti goma muka iso. Rumfar tikiti a kulle. Babu ma'aikaci ko ɗaya. A jikin gilashi an manna farar takarda da salatif, an rubuta da Faransanci kaɗai cewa saboda wasanni an mayar da shiga jirgi wata matsaya can ƙasa, kuma jirgin farko sai ƙarfe 2:30 na rana. Mun tarar da mutane sun kai 30 a tsaye. Akwai wasu iyali daga Birazil da jariri a keken yara, da wasu tsofaffi biyu daga gabashin Asiya suna ɗora waya a kan takardar don ta fassara musu. Ni na koma tafinta, ina faɗa wa wannan da Ingilishi, ina nuna wa wancan da hannu. Kamfanin da ke yi wa baƙi bayani cikin harsuna barkatai a cikin jirgi ya kasa rubuta layi biyu da harshe na biyu a ƙofarsa.

Wannan ne ya fi ƙona mini rai, har yanzu kuma in na tuna sai in ji shi sabo. Suna da lambar wayata. Suna da adireshin wasiƙata, sun ma yi amfani da shi jiya-jiya. Saƙo ɗaya mai layi uku da ya isa: an canza wuri, an canza lokaci, in ba ka so a mayar maka da kuɗinka. Da mun fito daga gida da rana cikin natsuwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a makon da kogi ke buɗewa yana rufewa bisa ga sakamakon gwajin ruwa na tsakar dare, askin shi ne labari. Jirgi da kujera kowane kamfani yana da su.

Sabuwar matsayar ta kai kilomita ɗaya da rabi a ƙafa, saboda gajeriyar hanya ta bakin ruwa tana cikin shinge. Na roƙi wani jandarma ya bar mu mu bi ta nan saboda tsohuwa. Ya dubi Hajiya, ya gaishe ta da ladabi, ya ce umarni ne ba zai iya ba, kuma ban ji haushinsa ba. Sai ya kira wata daga cikin 'yan sa-kai, masu rigar nan mai launin tsanwa da suka cika birni, su 45,000 ne aka ɗauka don wasannin. Yarinyar ta bar inda take ta raka mu rabin hanya, ta nuna mana titin da ke da inuwa da benci, ta kuma nuna mana famfon da za mu cika goruna kyauta. Sau huɗu muka tsaya Hajiya ta huta. A tsayawa ta uku na ce mata ko mu haƙura mu koma gida. Ta ce: "Mun zo nan kuma mu juya? Ka dai bar ni in numfasa." Autarmu ta zauna a ƙasa tana matsa mata ƙafa, tana cewa "Sannu Kaka."

A sabuwar matsaya muka samu ma'aikata. Mai karɓar tikiti wata budurwa ce da ba ta wuce shekara 20 ba, fuskarta ta yi ja saboda mutane sun sauke mata fushinsu tun safe. Ta ce ita ma sai da ta iso aiki ta ji an canza wuri. Ta ba mu haƙuri ba tare da ta ɓoye a bayan hukuma ba, ta sauya mana tikiti zuwa jirgin 2:30 nan take, ta shiga ciki ta ɗauko kujera ta ajiye wa Hajiya a inuwar rumfa. Muka zauna jira fiye da awa biyu. Daga nesa muna jin ihun jama'a yana tashi yana sauka. A waya muka ga Cassandre Beaugrand ta Faransa ta ci ta mata, daga baya Alex Yee na Birtaniya ya ci ta maza a mitocin ƙarshe.

Binciken shiga jirgi bai ɗauki lokaci ba. An buɗe kowace jaka, an bi jikin kowa da na'ura, an karɓi 'yar wuƙar da maiɗakina ke yanka wa yara tuffa da ita aka ce ta karɓa in mun dawo, kuma an ba ta. Mace ce ta duba mata, ba sai da muka nema ba. A nan ba ni da abin cewa sai yabo.

Matakala bakwai ce daga gaɓa zuwa jirgi, abin da na so in sani tun ranar 22. Wani matashi cikin ma'aikatan jirgi, mai ɗaure igiya, ya hango sandar Hajiya tun muna layi. Ya tsayar da mutane, ya sauko, ya ba ta kafaɗarsa, yana ƙirga mata matakala ɗaya bayan ɗaya da Faransanci tana amsa masa da Hausa, babu mai jin wani amma suka isa lafiya. Ya zaunar da ita a ƙasa kusa da taga inda iska ke shiga, ya ce sama rana za ta yi mata yawa. Gaskiyarsa. Saman jirgin ba shi da rumfa ko kaɗan, kujerun roba sun yi zafi har yara suka kasa zama, kuma ƙaramar gorar ruwa a cikin jirgi Yuro 3.50 ce a lokacin. Wanda zai je da zafi ya tafi da ruwansa da hula.

Da jirgi ya saki gaɓa, sai na ji rabin gajiyar ta sauka. Paris ta ruwa wata aba ce dabam, kuma a wannan makon ta ƙara zama dabam. Hasumiyar Eiffel da zobba biyar na Olamfik a ƙirjinta, ƙarar 'yan kallon ƙwallon raga ta yashi tana fitowa daga bayanta. Muka iso gadar Alexandre III mai dawakan zinariya, wadda aka buɗe a 1900, shekarar da Paris ta fara karɓar Olamfik, kuma a wancan karon ma a cikin Seine aka yi ninƙaya. Dandamalin da 'yan wasa suka yi tsalle daga kansa da safe yana nan a kan ruwa, matuƙi ya rage gudu sosai ya raɓa ta gefe, jirgin 'yan sandan kogi yana tsaye yana kallonmu. Rundunar nan ta 'yan sandan kogi ma a 1900 aka kafa ta. Rufin gilashi na Grand Palais inda ake wasan takobi, manyan agogon gidan tarihi na Orsay, doguwar katangar Louvre, sai Pont Neuf, wadda sunanta ke nufin sabuwar gada alhali ita ce mafi tsufa a birnin. Cocin Notre-Dame tana kewaye da ƙarafan gini da injinan ɗaga kaya, amma sabuwar hasumiyarta ta fito, shekara biyar bayan gobarar 2019. Hajiya ba ta damu da sunayen ba. Hannunta na kan taga, idonta na kan ruwa, duk gadar da muka shiga ƙarƙashinta sai ta ɗaga kai ta dubi duwatsun ta ce "Ikon Allah."

Bayanin da ke fitowa daga lasifika tsohon naɗi ne, wanda suke sakawa kullum. Yana ta maganar sarakuna da shekarun gini, bai ce komai ba game da tantuna da kujerun 'yan kallo da shingayen da ke gaban idonmu. Yara suna tambaya "Baba, wancan fa?" ni nake amsawa da abin da na sani. Matuƙin ne da kansa ya ɗauki makirfo sau biyu ya yi bayani, ya kuma faɗa mana gaskiya cewa ba za mu kai ƙarshen zagayen ba, za mu juya da wuri, saboda jirage sun taru suna jiran hanya. Tafiyar awa ɗaya ta koma minti 45.

Na ga dalilin da idona. Bayan tsibirin Saint-Louis jiragen dako ne a jere suna gangarowa, waɗanda aka tsare tun dare. Ɗaya ya wuce dab da mu, ya nutse har ruwa na lasar gefensa saboda nauyi, murafunsa a rufe, ƙaramar mota a ɗaure a bayansa, wanki a kan igiya, wata mata a bakin sitiyari. Masu irin wannan jirgi a cikinsa suke zaune da iyalinsu, gida ne kuma wurin sana'a. Na san inda ya nufa, kuma na san wani a ofishinmu yana duban agogo saboda shi. Shekarar ta zo musu da wuya ta kowane gefe: ruwan sama ya lalata amfanin gona, alkamar Faransa ta 2024 ita ce mafi ƙaranci cikin kusan shekara 40, ga mako guda na zaman jira a kan haka. Na nuna wa ɗana jirgin na ce masa wannan shi ne aikin babanka. Minti 15 ɗin da aka rage mana, in don waɗannan ne su wuce, na yafe da zuciya ɗaya.

A hanyar dawowa na ɗan zanta da matashin mai igiya. Ya ce makon da aka rufe kogi sun yi ta zuwa atisaye, wani lokaci tun kafin gari ya waye, kuma duk wanda zai taɓa jirgi sai da hukuma ta binciki tarihinsa. Wannan na san gaskiya ne, domin binciken da aka yi wa masu alaƙa da wasannin ya kai kusan miliyan ɗaya. Ya ce ihsanin da baƙi ke ba su shi ke cike musu albashi a bazara, bana kuwa mako guda babu baƙo, bayan an buɗe ma mutane sun ragu don suna tsoron shingaye. Bai yi ƙorafi da kowa ba, yana magana yana naɗe igiya. Da muka iso ya sake ba Hajiya kafaɗa, ta sa masa albarka mai tsawo, na fassara masa abin da ya samu.

Jirgin ƙasan da muka yi niyyar komawa da shi ya riga ya tafi tun muna kan ruwa, tikitin kuma irin wanda ba a canzawa ne. Tunda an riga an makara, muka wuce babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, muka haɗa azahar da la'asar, Hajiya ta miƙe ƙafa a farfajiya. Sabbin tikitin komawa Rouen sun ci mini fiye da kuɗin jirgin ruwan gaba ɗaya. Kwana biyu gwiwar Hajiya na kumbure.

In za a ce in ba da maki, matuƙi da ma'aikatan gaɓa biyar cikin biyar ne, jirgin kansa huɗu saboda rashin inuwa da tsohon bayani, ofishin da ke karɓar kuɗi yana aika wasiƙa kuwa ɗaya, ita ma don tikitin bai ɓata ba. Wanda zai shiga irin wannan jirgi a garin da ake babban taron wasanni, ya ɗauki na yamma, ya bar na safe, don gasar ruwa da safe ake yi kuma ita ake ɗagawa. Kada ya sayi tikitin komawa marar canji. In yana tare da tsoho ko mai keken guragu, ya nemi mutum mai rai ya tabbatar masa da matsaya a ranar, in bai samu ba ya ɗauka amsar ke nan.

Na rubuta wa kamfanin ranar 1 ga Agusta. Ban nemi a biya ni don an rufe kogi ba, na faɗa musu a fili cewa wannan ba laifinsu ba ne. Abu ɗaya na tambaya: me ya sa tunatarwa mai tsohon lokaci da tsohuwar taswira ta fito daga wurinsu awa 12 da ɗoriya bayan an sanar da ɗage gasa, kuma me ya hana saƙon gyara biyo bayanta? Amsa ta zo bayan kwana 19. Ta ce matakan tsaro na hukuma sun fi ƙarfinsu, suna baƙin cikin duk wata damuwa, ga rangwamen kashi 20 cikin 100 a tafiyata ta gaba, mai aiki na wata shida. Tambayata ba a taɓa ta ba. Na sake rubutawa na maimaita ta da gajerun kalmomi, aka sake turo mini wasiƙar farko ba a canza ko waƙafi ba.

Rangwamen ya ƙare ban yi amfani da shi ba, domin Hajiya ta riga ta koma kafin kaka. Na kuma aika musu wasiƙa ta uku dabam, na kwatanta budurwar mai tikiti da matashin mai igiya, da rana da lokacin jirgin, na roƙi a isar musu da godiyarmu, a kuma sa a cikin takardunsu na aiki. Wannan ba a amsa ba har yau.